Amsa kan rubutun da ke wargajewa idan an liƙa shi a CorelDRAW

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce duk lokacin da ka kwafo rubutu daga Word ko daga saƙon WhatsApp ka liƙa shi a CorelDRAW, manhajar zane da tsara shafi, sai layuka su kakkarye a inda bai dace ba, rubutun ya ƙi zama a tsakiya ko da ka umarce shi, haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma ƙananan akwatuna. Na daɗe ina aikin katin gayyata da kalanda da ƙananan littattafai a Kano, kuma wannan matsala ta ci mini takarda da lokaci kafin in gane tushenta, don haka zan yi maka bayani dalla-dalla.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, rubutun da ka kwafo ba haruffa kaɗai ba ne. Yana tafe da kayan da ido ba ya gani: samfurin haruffan da aka buga shi da shi, wato font, da girmansu, da tazarar layi, da shigar farkon sakin layi, da duk wani sarari da mai bugawa ya danna. Word na zamani yana sa tasa tazarar tsakanin layuka da kuma maki 8 bayan kowane sakin layi ba tare da an tambaye shi ba, kuma duk wannan yana biyo rubutun har cikin aikinka. Shi ya sa CorelDRAW yake fito da ƙaramin allo lokacin liƙawa yana tambayar ko a bar samfuri da tsari, ko a bar tsari kawai, ko a zubar da su duka. Ni a kullum na ƙarshen nake zaɓa, wanda aka rubuta Discard fonts and formatting. Idan allon ya daina fito maka, wataƙila wani ya taɓa danna kada a sake nuna shi, kuma ana dawo da shi daga Options, ƙarƙashin Warnings. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka fara zuba rubutun a Notepad, ƙaramar manhajar rubutu ta Windows, ka sake kwafo shi daga can, domin Notepad ba ya riƙe samfuri da tazarar da rubutun ya zo da su.

Sai dai Notepad ba ya cire karyewar layi da sararin banza, kuma a nan yawancin wahalar take. Mutane da yawa, musamman masu buga takardu a shagunan kwamfuta, idan suna son kanun rubutu ya zo tsakiya sai su yi ta danna maɓallin sarari har sai ya yi musu daidai a ido. Kai kuma da ka liƙa shi ka danna Ctrl da E don ya zo tsakiya, manhajar za ta lissafa tsakiya tare da waɗannan sarari ashirin da ke gaban kalmar, sai ka ga rubutun ya karkata dama alhali ka yi komai daidai. Haka nan rubutun da aka kwafo daga PDF yakan zo da alamar ƙarshen sakin layi a bakin kowane layi, ta yadda idan faɗin akwatinka ya bambanta da na asali, za ka ga layi mai tsawo sannan kalma biyu su kaɗai a ƙasa, haka har ƙarshen shafi.

Maganin shi ne ka ga abin da yake ɓoye kafin ka taɓa komai. A Word ka danna Ctrl da Shift da 8, alamomin duka za su bayyana: ɗigo a wurin kowane sarari, kibiya a wurin Tab, da alamar ¶ a ƙarshen sakin layi. Idan rubutun yana da yawa, kada ka bi shi layi-layi. Ka buɗe wurin nema da musanyawa, inda ^p yake nufin alamar ƙarshen sakin layi, ka fara musanya ^p^p da wata alama da babu ita a rubutun, kamar ###, domin ka adana sakin layin gaskiya. Daga nan ka musanya ^p da sarari guda, sannan ka mayar da ### zuwa ^p. A ƙarshe ka musanya sarari biyu da ɗaya, ka maimaita har sai ya ce bai sami komai ba. Aikin da zai ci awa guda da hannu, minti biyu ya ishe shi. CorelDRAW ma yana nuna waɗannan alamomi daga jerin Text, Illustrator kuma, wata manhajar zane, yana kiransu Hidden Characters.

Wani abin da nake ganin yana rikita masu koyo shi ne rashin bambance rubutu iri biyu da manhajar take da su. Idan ka ɗauki alƙalamin rubutu da F8 ka danna sau ɗaya a shafi, abin da ka samu shi ne Artistic Text, wanda ya dace da kanu da suna da gajeren layi, kuma ba ya naɗe layi da kansa, shi ya sa dogon sakin layi yake miƙewa har ya fita daga shafi. Idan kuwa ka ja akwati tukuna, ka samu Paragraph Text, wanda yake tsara layuka daidai da faɗin akwatin. Ctrl da F8 yana juya ɗaya zuwa ɗayan. Ka kula kuma cewa jan Artistic Text ta gefe yana miƙar da haruffan su yi faɗi ko su tsuke, kuma wannan yana ɓata kyawun aiki ƙwarai. Ta kusurwa ake jansa. Shi kuwa akwatin sakin layi, idan ka danna P don ya zo tsakiyar shafi, akwatin ne yake zuwa tsakiya, ba rubutun da ke ciki ba, saboda haka sai ka daidaita na cikin daban. Idan akwatin ya koma ja, akwai rubutun da ya ɓuya a ƙasa, kuma ba zai fito a bugu ba. Sannan idan layin ƙarshe na sakin layi ya baje kalmomi uku daga wannan gefe zuwa wancan, alama ce ta cewa Force Justify aka zaɓa a maimakon Full Justify, wanda ake samu da Ctrl da J.

Game da jerin sunaye da lambobi, kamar jadawalin taro ko sunayen ɗalibai da ajinsu, kada ka jera su da sarari, domin faɗin harafin i ba ɗaya yake da na m ba, kuma ba za su taɓa miƙewa ba. Tab guda tsakanin suna da lamba, sannan ka sa masa matsaya a kan ma'aunin da ke sama.

Maganar haruffanmu masu lanƙwasa ita ta fi damuna, domin ta taɓa faruwa da ni a aikin da nake ganin girmansa. Na shirya ɗan littafin walimar saukar Alƙur'ani na wata Islamiyya, na duba shi a kwamfutata komai lafiya, na kai fayil ɗin wurin bugu. Kwamfutarsu ba ta da samfurin da na yi amfani da shi, sai ta musanya shi da wani, kuma ba a lura ba sai da aka gama. Na buɗe shafi na uku a tsaye a bakin shagon, na ga sunan wata yarinya da akwati a inda ɗ ya kamata ya zauna, haka kalmar ɗalibai a kowane shafi. Sai da na sake bugawa da kuɗina, domin ba zan iya miƙa wa iyaye takardar da za su adana shekaru da sunan 'yarsu a lalace ba.

Dalilin shi ne ba kowane samfuri ne aka zana wa waɗannan haruffa ba. A tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ƙ da manyan Ƙ, Ɗ, Ɓ suna rukuni ɗaya, amma ƙananan ɗ da ɓ suna wani rukuni na haruffan nazarin furuci, don haka za ka iya samun samfurin da ke da ƙ amma ba shi da ɗ. Yawancin samfuran ado na katin biki ba su da ko ɗaya. Arial da Times New Roman na Windows na yanzu suna da su, haka Noto Sans da Charis SIL da Andika, waɗanda ake samu kyauta. Kafin in zaɓi samfuri, nakan buga Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ a gefen shafi in gani da idona, domin wani lokaci manhajar takan aro harafin daga wani samfuri, sai ya fito ya fi 'yan'uwansa siranta. Idan kuma ka ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya, to an buga rubutun da tsohon samfuri irin Rabi'at, wanda ya ɗora haruffan Hausa a kan maɓallan baka. A wannan hali ka musanya kowace alama da harafinta na gaskiya tun a Word, kada ka dogara da cewa mai bugawa yana da samfurin.

Idan ka gama tsarawa, ka ajiye kwafi biyu. Na farko ka bar shi yadda za a iya gyara rubutu, domin mai aiki yakan dawo da sauyin rana ko ƙarin suna. A na biyun ka zaɓi komai ka danna Ctrl da Q, rubutun ya koma zane wanda ba ya bukatar kowane samfuri, a Illustrator kuwa Ctrl da Shift da O ne. Wannan na biyun za ka kai wurin bugu, kuma ka roƙi a fitar maka da kwafi ɗaya a takarda, ka karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya kafin a kunna inji.