Tambayoyinku: Tiya Goma ta Gyaɗa, Ina Ribar Take Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida, a unguwar Zariya cikin garin Maradi, tiya goma kullum, ni da ƴata. An yi mini tayin bashi in sayi injin markaɗe in ɗauki ma'aikata. Ni dai ba na son sana'ar ta wuce tsakar gidana, amma kuma ba na ganin riba. Ina gizo yake saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki bar bashin nan tukuna. Inji sai yana aiki yini cur kullum yake biyan kansa, ga kuɗin mai ko wuta, ga gyara. Tiya goma kuwa injin unguwa ya ishe ta.

A ganinmu ribarki tun wurin saye take zubewa. Gyaɗa ta fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ta yi ta hawa har damina. Mai sayen tiya goma kowace safiya tsadar shekara duka take biya. In akwai adashen da za ki kwasa, ki nemi ya faɗo da kaka, ki sayi ko da ta wata 3 ce, da ɓawonta, don ta fi jure ajiya. Ki girgiza ki ji tana ƙara, alamar ta bushe ke nan. Buhuna a bisa katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wadda ta yi fumfuna ko ta yamushe a tsince a zubar: gubar da ke cikinta tana lalata hanta, suya kuma ba ta kashe ta.

Sai aikin kansa. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma matsar hannu ba ta fitar da shi duka, sauran yana cikin tunkuza. Suya in ba ta kai ba mai ya ƙi fita, in ta wuce ya yi duhu, ƙuli ya yi ɗaci. Ruwan zafi kaɗan-kaɗan ake zubawa ana juyawa. Wanda ya yi yawa a cikin man yake zama, shi ne ke sa ya yi wari bayan ƴan makonni. Ki ɗora man a wuta har kumfa ta kwanta, ya huce, ki tace cikin busasshiyar jarka.

Tunkuza kuma ba saura ba ce, rabin kasuwarki ce. Ki kama mai tsire ko mai kilishi guda biyu da za su riƙa ɗauka kowane mako, kuɗi hannu.

Na kwana 7 ki sa ƴarki ta rubuta komai: gyaɗa, markaɗe, itace, leda, kuɗin ɗan kabu-kabu, har man da aka zuba a miyar gida, don shi ma kuɗi ne. Ki yanka wa kanki da ita lada ta yini, a cire kafin a ce riba. Ki raba jimillar da yawan litar da kika samu, kada ki sayar ƙasa da haka. Masu zuwa sari daga Jibiya ko Katsina kuwa, ki yi ciniki da su da sefa, su canzo nairarsu kafin su iso ƙofarki.