Ƙanena, fara da Markus ka bar Wahayi tukuna

Salama gareku 'yan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya cewa ya fara karanta Sabon Alkawari ya maƙale a jerin sunayen kakanni na Matiyu sura 1, ya tsallaka zuwa Wahayin Yahaya ya ƙara rikicewa, wai shin menene ainihin saƙon waɗannan littattafai, toh bari in faɗi nawa. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a majami'armu kuma kusan kowane sabon aji sai an sami mai wannan tambayar.

Da farko ka cire a ranka cewa littafi ɗaya ne mutum ɗaya ya zauna ya rubuta. Littattafai 27 ne, Bishara huɗu, Ayyukan Manzanni, wasiƙu 21 wanda 13 daga ciki suna ɗauke da sunan Bulus, sai Wahayi, dukansu da Helenanci, wato yaren Girka, aka rubuta su. Kuma yadda aka jera su ba haka aka rubuta su ba, wasiƙun Bulus sun riga Bishara. 1 Tasalonikawa daga Koranti ya aika da ita wajen shekara ta 50 ko 51, kimanin shekara ashirin kenan bayan gicciye Yesu, ita kuwa Bisharar Markus yawancin masana suna sa ta wajen shekara ta 70. Cikakken jerin nan na 27 kamar yadda muke dashi yau a wasiƙar Atanasiyus bishop na Iskandariya aka fara ganinsa, a shekarar 367.

Ginshiƙin saƙon kam ba ɓoyayye bane. Buɗe 1 Korantiyawa 15, Bulus yace abin da ya karɓa shi ya miƙa musu, Almasihu ya mutu domin zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas, wato Bitrus, da almajirai sha biyun da wasu 'yan'uwa sama da 500. A Markus kuma wa'azin Yesu na farko shine Mulkin Allah ya kusato, ku tuba ku gaskata da bishara. Markus sura 16 ce kacal amma daga sura 11 har ƙarshe duk labarin makon ƙarshe ne a Urushalima, kaga inda hankalin marubucin yake. Wannan ko yaran Sande sukul sun haddace shi, shiyasa ba zan tsaya a kai ba.

Abin da nake ganin mutane basa lura dashi, kuma ni a wurina shine ke buɗe rabin wasiƙun nan, shine maganar cin abinci. Wa zai ci da wa. Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne, masu kaciya, masu dokokin abinci, sai ga al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suna shigowa babu kaciya babu komai, toh za'a zauna akan tabarma ɗaya ko kuwa? A Ayyukan Manzanni 10 Bitrus ya shiga gidan Karniliyus hafsan sojan Roma, yana komawa Urushalima a sura 11 aka tare shi da ƙorafi, kuma ƙorafin ba wai ya yi wa'azi bane, a'a, wai ya shiga wurin marasa kaciya har ya ci abinci dasu. A Galatiyawa 2 Bulus da kansa ya bada labarin yadda ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya saboda Bitrus yana ci da al'ummai lafiya lau, da wasu suka zo daga wurin Yakubu ɗan'uwan Yesu sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi shi. Daga wannan rigimar ne maganar barata, wato Allah ya karɓi mutum a matsayin mai adalci, ta wurin bangaskiya ba ta ayyukan Shari'ar Musa ba ta fito a wasiƙar, ba a ɗakin karatu aka ƙirƙiro ta ba. Taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15 duk akan wannan batun ne. Haka ayar nan da muke so ta Galatiyawa 3:28, ba Bayahude ko Bahelene, ba bawa ko ɗa, ba namiji ko mace. Ranar da muka karanta Galatiyawa gaba ɗaya a zama ɗaya a ajinmu, da murya, kowa sura ɗaya, wata mama da ta daɗe a zumuntar mata tace ashe faɗa Bulus yake yi, ita duk zatonta nasiha ce mai sanyi. Faɗa ne sosai, ko godiyar da ya saba buɗe wasiƙunsa da ita babu a ciki. Kuma gaskiya duk majami'ar da ake ƙus ƙus akan ƙabilar wanda zai zama ma'aji ko dattijo, wannan wasiƙar tana nan tana jiransu.

A Koranti matsalar ta ɗauki wata siffa, masu hali da talakawa. 1 Korantiyawa 11 da ake karanta mana duk ranar Jibin Ubangiji, ka koma ayoyin da suke sama kaɗan, zaka ga a lokacin abinci ne sosai ake ci tare, masu dashi su riga su cinye nasu har wani ya bugu, wani kuma yana zaune da yunwa. Shine dalilin da yasa Bulus ya tuna musu daren da aka bada Yesu. Sura 8 zuwa 10 kuma naman da aka miƙa wa gumaka, a ci ko kar a ci, amsarsa ita ce kana da 'yanci amma kar 'yancinka ya kada ɗan'uwanka mai raunin lamiri. Shi Yesu kansa a Luka 15 gunagunin da Farisiyawa suka yi shine yana karɓar masu zunubi yana ci tare dasu, akan haka ya bada misalin ɓatacciyar tunkiya da ɓataccen kuɗi da ɗan da ya ɓace.

Maganar talaka da dukiya tafi yawa a Luka da Yakubu. Mai arziki da Li'azaru a Luka 16, Zakka a sura 19, sai Yakubu 2 inda aka baiwa mai zoben zinariya kujera mai kyau aka ce wa talaka tsaya can. Bulus ma sura biyu cur, 2 Korantiyawa 8 da 9, ya kashe akan tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Za ka ji ana cewa Bulus da Yakubu sun saɓa, ɗaya yace bangaskiya ɗaya yace ayyuka, malamai sun daɗe suna muhawara a kai, ni dai a ganina tambayar da ke gabansu ce daban, Bulus yana magana da masu tilasta kaciya, Yakubu yana magana da mai ce wa mayunwaci sauka lafiya ba tare da ya bashi ko loma ba.

Yanzu Wahayin da ya rikita ka. Mutanen nan a ƙarƙashin Roma suke, a shekara ta 64 Nero ya ɗora wa Kirista laifin gobarar birnin Roma ya karkashe su, a 70 sojan Roma ƙarƙashin Titus suka rushe Haikali. Yahaya yana tsibirin Batmusa ya rubuta wa ikilisiyoyi bakwai a yankin da yake yammacin Turkiyya a yau, su Afisa da Simirna da Lawudikiya, saƙonsa ku jure kar ku yi wa muguwar dabbar da ya gani a wahayin sujada, Ɗan Ragon da aka yanka, wato Yesu, shine mai nasara. Babila mai zaune akan tuddai bakwai a sura 17 masana da yawa sunce Roma ce, 666 ma, lambar dabbar, da yawa suna danganta shi da Nero. Ni a zamana naji an liƙa wa katin ATM wannan lamba, naji an liƙa wa BVN, naji an liƙa wa allurar rigakafi, kullum sabon abu, kuma masu yaɗawa da wuya ka samu wanda ya karanta sura 2 da 3. Aikin yaron da yake tsince nama a miya ya bar tuwon kenan.

Shawarata ka fara da Markus, gajere ne kuma da sauri yake tafiya. Daga nan Luka da Ayyukan Manzanni a jere tunda marubuci ɗaya ne ya rubuta wa Tiyofilas duka biyun. Sai Galatiyawa a zama ɗaya, sai 1 Korantiyawa, sai Yakubu. Bisharar Yahaya da Romawa ka basu lokaci, basa son gaggawa. In Hausar tsohon juyi na 1932 tana maka nauyi nemi sabon juyi, ba laifi bane. Kowace wasiƙa ka ɗauka ka tambayi kanka wa aka rubuta wa kuma me ya faru a garin. In kana son gwadawa yau da dare ɗauki Filimon, aya 25 ce kawai, akan wani bawa Unisimas da ya bar ubangidansa, Bulus yana kurkuku ya maida shi da takarda yana roƙon a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, yace in akwai bashin da ake binsa a rubuta a kaina. Ka karanta ka dawo nan ka faɗa mana me ka gani, Baba Fasto da sauran malamai da suke cikinmu sai su ƙara.