Ina ake digirin digirgir a kan kasuwannin hajoji?

Tambaya: Na gama digiri na biyu a tattalin arziki, ina son ci gaba da bincike kan yadda ake cinikin ɗanyen mai, zinari da hatsi a manyan kasuwannin duniya. Na duba jami'o'i da dama, ban ga shiri mai wannan suna ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Da wuya ka gan shi, malam, domin ba a cika ba da digiri na uku da wannan suna ba. Fannin a rarrabe yake tsakanin sashen hada-hadar kuɗi na makarantun kasuwanci, sashen tattalin arzikin noma, da masu nazarin makamashi. Don haka malamin da zai duba kundinka za ka fara nema, jami'a ta biyo baya.

A mujallu ake gano su. Ka ɗauki Journal of Commodity Markets, wadda ta fara fitowa a 2016, da Journal of Futures Markets, da Energy Economics, da American Journal of Agricultural Economics. Ka bi fitowar shekara uku na baya-bayan nan, kana rubuta sunayen da ke maimaituwa da inda suke koyarwa. A rumbun RePEc, mai tara maƙalun tattalin arziki a intanet, lambobin rabe-raben fanni G13 da Q02 za su tace maka maƙalun fannin. Idan mujalla ta nemi kuɗi, duba SSRN, shafin da masu bincike ke ɗora maƙalunsu, sau da yawa kwafin farko na maƙalar yana can kyauta.

Kafin ka rubuta wa kowa, ka karanta tushe. Holbrook Working, a 1949, ya nuna yadda kuɗin ajiyar kaya ke haɗa farashin yau da farashin kwantiragin da za a cika nan gaba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kimshe masara daga kaka zuwa bazara ya san wannan lissafi, ko bai san sunansa ba. Sai aikin Eduardo Schwartz na 1997 kan tsarin lissafin farashi, da na Gorton da Rouwenhorst na 2006. Bayan gangar mai ta kai kusan dala 147 a Yulin 2008, gardama ta kaure: kuɗin masu zuba jari ne ya kumbura farashi, ko buƙata ce ta gaske? Tang da Xiong, a 2012, sun nuna tasirin masu zuba jarin, Scott Irwin na Jami'ar Illinois kuwa ya daɗe yana musanta cewa su ne sanadi. Har gobe ana samun kundi daga wannan gardama.

Illinois ɗin, a Urbana-Champaign, ta yi fice a hatsi. A Landan akwai Bayes Business School, da ake kira Cass a da, mai ƙarfi a makamashi da jigilar jiragen ruwa. A Jamus, duba Jami'ar Leibniz ta Hanoba. Amma ka yi hattara da shirin Jami'ar Janeba: digiri na biyu ne na horar da dillalai, ba na bincike ba.

A Amurka digirin na uku shekara biyar ne galibi, biyun farko duk darussa, kuma ana rufe karɓar takardu wajen Disamba zuwa Janairu. A Ingila uku zuwa huɗu, amma da shawarar bincikenka a hannu za ka je.

Abu biyu ke kayar da masu nema. Na farko raunin lissafi: ba a tsallake ikonometiriks, wato auna tattalin arziki da ƙididdiga, da iya aiki da manhajar R ko Python. Na biyu, batun da ba shi da alƙaluma. Hukumar CFTC, mai sa ido kan cinikin kwantiragin hajoji a Amurka, na fitar da rahoton matsayin 'yan kasuwa duk Juma'a, EIA, hukumar bayanan makamashi ta Amurka, na ba da alƙaluman mai, Bankin Duniya na da jadawalin farashi na wata-wata, duk kyauta. Farashin minti-minti na manyan kasuwannin CME ko ICE kuwa sai da kuɗi, don haka ka tambayi sashen ko yana da rajistar Bloomberg, kamfanin da ke sayar da bayanan kasuwa. Idan kuma hankalinka na kan gero da riɗi na Dawanau, sashen tattalin arzikin noma ne gidanka, kuma alƙaluman FEWS NET, shirin gargaɗi kan ƙarancin abinci, ne mafarinka.