Ɗanɗanon giya a ƙaramar masana'anta: amsa ga mai tambaya daga Jamus

Malam, ka ce abokan aikinka sun gayyace ka ɗanɗanon giya a wata ƙaramar masana'anta, kana kuma son sanin ko wadda aka rubuta wa "alkoholfrei" (wato "marar barasa" da Jamusanci) ba ta da barasa ko kaɗan.

A irin wannan zama ana kawo ƙananan kofuna ne, a fara da giya mai sauƙin ɗanɗano, a ƙare da mai duhu ko mai ɗaci. Bambancin yana fitowa daga yadda aka gasa tsiron sha'ir, da yawan furen hops da ke kawo ɗaci da ƙamshi, da kuma yis ɗin da ke mayar da sukari barasa. A 1516 dokar Bavariya, wani yanki na Jamus, ta taƙaita kayan haɗin ga ruwa da sha'ir da hops, ba ta ambaci yis ba.

Game da tambayarka, ina roƙonka ka kula sosai, domin a Jamus ana iya kiran giya "alkoholfrei" ko da tana ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Idan addini ko lafiya ne ya hana ka, nemi mai alamar 0,0%, ko ka sha ruwa.