Game da ɗora manhajar Linux a kan Haiku

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa manhajar da ke haɗuwa (wato compile) lafiya lau a Linux take ƙin haɗuwa a Haiku, kuma ta ina ya kamata ka fara. Na daɗe ina fama da wannan aiki, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Haiku babbar manhajar kwamfuta ce (operating system), amma ba dangin Linux ba ce, tsarin wata tsohuwar babbar manhaja mai suna BeOS ta gada. An fara aikinta a 2001, kuma ko da beta ta biyar ta fito a 2024 ba ta kai ga cikakkiyar sigar farko ba. Tana bin ƙa'idojin POSIX, wato ƙa'idojin bai-ɗaya na tsare-tsare irin na Unix, gwargwadon hali, sai dai masu rubuta manhaja da dama sun ɗauki al'adar Linux tamkar ita ce ƙa'ida, kuma daga nan yawancin matsalarka take tasowa.

Wasu matsalolin ba sa cin lokaci. Idan configure, mai shirya manhaja kafin haɗawa, ya ce bai san tsarin ba, fayil ɗin config.guess da yake gane tsari da shi ne ya tsufa, autoreconf zai sabunta shi. Idan aka rasa socket ko connect wajen haɗawa, ka ƙara -lnetwork. Babu /usr, kuma fakitin da ke ƙarƙashin /boot/system ba a rubutu a cikinsu, saboda haka gwajinka ka zuba shi a /boot/home/config/non-packaged. Haka kuma dirent ba shi da d_type mai nuna nau'in fayil, sai ka koma ga stat.

Wadda ta fi wahalar da ni kuwa ba ta nuna kanta wajen haɗawa ko kaɗan. A Haiku lambobin errno, wato lambobin da ke nuna irin kuskuren da aka samu, ƙasa da sifili suke, gadon BeOS ne, alhali a Linux sama da sifili suke. Akwai wata ƙaramar manhajar sauke fayil da na ɗora, ta haɗu ba ko gargaɗi ɗaya, har na fara murna. Da na cire wayar intanet don gwaji, sai ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, tana cika fayil da shara. Dare uku na yi ina bin ta layi-layi kafin na gane cewa marubucin yana mayar da -errno ne idan an samu kuskure, wanda a Haiku yake juyewa ya zama lamba babba sama da sifili, ita kuma manhajar ta ɗauke ta a matsayin adadin bayanan da ta karanta. Tun daga ranar, kafin in taɓa komai sai na bincika -errno a cikin lambar tushe gaba ɗaya. Akwai B_USE_POSITIVE_POSIX_ERRORS tare da libposix_error_mapper, masu mayar da lambobin sama da sifili, amma ni na fi son gyara wurin da hannu idan bai yi yawa ba.

Idan sigar 32-bit kake amfani da ita, ka tuna cewa tsohon gcc 2.95, mai haɗa manhaja, ne a gaba saboda tsofaffin manhajojin BeOS, sai ka buga setarch x86 kafin ka samu na zamani.

Da zarar ta yi aiki, ka rubuta mata recipe, wato fayil mai bayanin yadda ake haɗa ta, na HaikuPorts, ma'ajiyar manhajojin da aka ɗora wa Haiku. Haikuporter, mai bin recipe ɗin, yana haɗawa ne a keɓaɓɓen wuri, inda ba ya ganin komai sai abin da ka lissafa a BUILD_REQUIRES da BUILD_PREREQUIRES, har make ɗin kansa sai ka ambace shi. Gyare-gyarenka kuma ka killace su da __HAIKU__, ka aika wa masu manhajar na asali, domin in ka bar su a hannunka, duk sabuwar sigar da suka fitar sai ka sake zaman ɗinke su. Ka turo saƙon kuskuren da configure ya ba ka mu duba tare.