Tambaya da Amsa: Wane Bakin Teku Ya Dace da Iyalin da Ba Sa Son Hayaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Sakkwato, kuma na daɗe ina tanadi domin in kai maiɗakina da 'ya'yanmu biyu matasa hutun mako guda a bakin teku. Ba ma son wurin kiɗa da cunkoso, amma kuma ba kwanciya za ta kai mu ba. Muna son iyo, hawan keke da shiga kwalekwale. Yaran sun iya iyo a gulbin Rima. Ina ya kamata mu sauka? Daga wani mai karatu a unguwar Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, iya iyo a gulbin Rima bai isa ya sa yaro ya saki jiki da teku ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba zan tura ka gaɓar da ta fi kusa da mu ba, irin su Badagiri a Legas ko Grand-Popo a Jamhuriyar Benin, duk da cewa wurare ne masu kyau kuma ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza domin shiga Benin. Igiyar Tekun Atlantika a wannan yanki tana da ƙarfi, tana kuma jan mutum zuwa ciki ta ƙarƙashi, har ƙwararru ma suna shakkarta.

Shawarata ita ce ku nufi tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ku sauka a ƙauyen Jambiani da ke gaɓar kudu maso gabas, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi a mota daga tsohon birnin da ake kira Stone Town. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, saboda haka masallaci da abincin halal ba za su zame muku abin nema ba, kuma maiɗakinka za ta yi shigarta ta mutunci ba tare da ta zama abin kallo ba. Masu sayar da tikiti za su fi kwaɗaita maka Nungwi da Kendwa a arewa, domin a can ruwa ba ya janyewa da nisa, amma a can ne kuma manyan otal-otal da shagalin dare suka taru, wato abin da kake gudu.

Sai dai Jambiani tana da sharaɗi, kuma a nan nake so ka natsu. Sau biyu a kowace rana ruwan yakan janye, wani lokaci ya bar fili mai nisan ɗaruruwan mitoci, sannan ya dawo ya cika, kuma lokacin yakan jinkirta da kusan minti 50 a kullum. Cikar da janyewar sun fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da kuma tsakiyarsa, lissafin da ba baƙo ba ne ga Basakkwace da ya saba jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Wanda bai san da wannan ba sai ya ga kamar an cuce shi, alhali wanda ya tsara yininsa a kai shi ne zai fi morewa. Idan ruwa ya cika, ku yi iyo, domin wani shingen duwatsun murjani da ke can ciki yana karya ƙarfin igiyar kafin ta iso gaɓa. Idan ya janye, rairayin yakan yi tauri har a hau keke a kansa zuwa ƙauyen Paje da ke arewa kaɗan, ana wuce matan da ke noman ciyawar teku a cikin ruwan da bai wuce gwiwa ba. Masunta kuma suna ɗaukar baƙi a ƙananan kwalekwalensu masu filafilai, waɗanda suke kira ngalawa. Ku tanadi takalman roba, saboda akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya tsakanin duwatsu, kuma kada yaro ya shiga kwalekwale ba rigar kariya.

Ku ware yini guda domin dajin Jozani, inda ake ganin jan birin da babu irinsa sai a Zanzibar, wani yinin kuma domin Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000.

Game da lokaci, ka guji watannin Maris zuwa Mayu, domin damina ce mai ƙarfi a can; daga Yuni zuwa Oktoba ya fi, ga shi ya haɗa da dogon hutun makaranta. Daga Sakkwato kuna iya bi ta Abuja ko Legas, ku canza jirgi a Addis Ababa ko Nairobi, saboda haka ka ƙara kwana biyu a lissafinka domin zuwa da dawowa. Ka nemi bizar Tanzaniya tun da wuri, ka kuma tabbatar kowa yana riƙe da katin rigakafin cutar shawara kafin ka biya kuɗin masauki.