Aikina ya tsaya yana jiran fayil, wa ya riƙe shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina koyon babbar kwamfuta ta IBM mai aiki da babbar manhajar z/OS ta intanet. Jiya na tura aiki, sai ya tsaya cik, saƙon IEF099I ya fito cewa yana jiran fayil. Na sake turawa har sau uku, shiru. Fayil ɗin ne ya lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, fayil ɗinka lafiya lau yake, wani ne ya riga ka kama shi. Kuma daina sake turawa, layi kawai kake ƙara wa tsawo.

A z/OS, duk aikin da zai taɓa fayil sai ya nemi izini ta hanyar ENQ, sashen da ake kira GRS kuma shi ke riƙe da rajistar. Izinin iri biyu ne. Idan ka rubuta DISP=SHR a JCL, wato rubutun umarnin da kake tura aiki da shi, kun yi tarayya da kowa. Idan ka rubuta DISP=OLD ko MOD, ka ce kai kaɗai, sai kowa ya saki kafin a ba ka.

Abin da ke rikita masu koyo shi ne yadda layin ke tafiya. Ka san layin jarkoki a famfo lokacin bazara: wanda ya fara ajiyewa shi ke fara ɗiba. To a ce mutum biyu suna karanta fayil da SHR, sai mai OLD ya zo ya tsaya. Duk wanda ya biyo bayansa, ko karatu kawai ya zo yi, sai ya jira. Mutum ɗaya da ya buɗe fayil ya tafi shan shayi yana iya tsayar da ayyuka goma.

Fara da karanta saƙonnin da ke tare da IEF099I. IEF863I zai ba ka sunan fayil ɗin da ake jira. Ɗauki sunan, ka je layin umarni na ISPF, wato allunan da kake aiki a kai bayan ka shiga na'urar ta TSO, ka rubuta TSO ISRDDN, sannan ENQ, ka sa SYSDSN a gurbin babban suna (major name), sunan fayil a ƙarami (minor name). Za ka ga mai riƙe da masu jira. Wanda ke da ikon ba da umarni ta SDSF, allon da ake duba ayyuka da shi, zai rubuta /D GRS,C ya ga duk rigimar da ke kan na'urar, amma ba kasafai ake ba ɗalibi wannan ikon ba.

Na fi zargin kai ne ka riƙe shi da kanka. Wanda ya buɗe fayil a editan ISPF yana riƙe da shi da SHR, aikin da ya tura da OLD kuwa yana can yana jiransa. Mu da layin intanet ke yanke mana a tsakiyar aiki abin ya fi kama mu: wayar ta katse, amma zamanka na TSO yana nan da rai a can, riƙe da fayil. Shiga ta zaɓin Reconnect, duba ɗaya allon da ka raba da maɓallin PF2, ka fita daga editan da PF3. Idan da umarnin ALLOCATE na TSO ka kama shi, saki da FREE. Nan take aikin zai tashi.

Idan sunan wani ka gani, yi masa magana tukuna. Soke aikin da ke tsakiyar rubutu yana iya barin fayil rabi da rabi. Sannan koma JCL ɗinka: in karatu kawai matakin yake yi, mayar da OLD ɗin SHR.